Ruwan da Kaka Ya Ƙi Sha

Abin da na fara gani da muka shiga gida shi ne kallabina. Tsohon kallabi ne mai ruwan ɗorawa, wanda na ba Kaka ya riƙa tace ruwa da shi. Yana nan ɗaure a bakin tulunsa, a gindin bangon ɗakinsa. Amma ya bushe ƙayau, har ya yi tauri. Tunda na ba shi kallabin nan ban taɓa ganinsa a bushe ba. A mota ban yi kuka ba, duk da Gwaggo tana ta sharar hawaye tun daga Funtua. Sai da na ga wannan ƙyalle kuka ya ƙwace mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, wanda ya haifi babana, ya rasu a garinmu da ke gaba da Dayi kaɗan. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, har na isa shiga makaranta aka kai ni wurin Gwaggo a Funtua. Wani direban lori ne ya kawo mana labarin, kafin mu iso kuwa an riga an kai shi makwancinsa.

Tsakar gida cike take da mata a kan tabarmi. Matar Baffa, wan babana, tana zagawa da kwanon sha, ana ta jan guga a rijiyar siminti da ke tsakiyar gidan, don zafin bazara ya kai inda ya kai. Na raɓa bayan Gwaggo na zauna. Ba wanda yake lura da yarinyar da ba ta magana, shi ya sa nake jin abubuwa da yawa.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin."

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kurɓi ruwa ta ajiye kwanon. "Mutumin kirki ne, wallahi. Ba don abin nan na ƙarshe ba."

"Tsufa ne," in ji ta kusa da ita. "Ai kan ya ɗan taɓu. Mai cikakken hankali zai bar rijiya a gidansa ya je yana shan taɓo?"

"Ya tozarta ɗan cikinsa a bainar jama'a. Allah dai ya yafe masa."

Suka shafa. Ni ban shafa ba. Saboda wannan magana nake rubuta abin da nake rubutawa, don ina tsoron kada ya zama ita kaɗai za ta rage a kan Kaka.

Na ja gefen zanen Gwaggo na raɗa mata tambaya, ita kuma ta tambayi matar Baffa: da wane ruwa aka yi masa wanka?

"Da wane ruwa kuwa? Ga rijiya a tsakar gida, rana tana yi, gawa tana jira. Tafki za mu aika?"

Ba da faɗa ta faɗa ba, a gajiye take. Ta ƙara da cewa da yamma za a jiƙa geron gumbar sadakar uku, duk mai hannu ta zo ta taimaka. Na dubi buhun geron a ƙofar madafi, na dubi rijiyar. An riga an wanke shi da ruwan da ya ƙi sha yana raye. Yanzu kuma da shi za a yi masa sadaka.

*

Kaka manomi ne, auduga da dawa. Ba shi da surutu, sai dai in ni ce. Amarya yake kirana, wani lokaci 'yar boko. In na dawo hutu sai ya kare ido da hannu kamar bai gane ni ba, ya ce, "Wace ce wannan siririya? Ku mayar da ita, ni mai ƙiba na biya sadakinta." Ni da ba na iya ɗaga kai a gaban kowa, shi ina rama masa. Yana da wata al'ada: ba ya shiga gona da takalmi. Yakan cire su ya ajiye a kan iyaka, ya ce ƙasa ba ta son a taka ta kamar baƙo.

Baffa shi ne ɗansa na fari, don haka Kaka yana masa kunya irin ta mutanen da. Ba ya faɗin sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan," ko "mai gidan nan." Ko wani yaro a gari aka sa wa irin sunan, Kaka sai ya laƙaba masa wani. Amma in Baffa ya fita da babbar riga, na sha ganin Kaka yana bin bayansa da kallo ta ƙofar zaure har ya sha kwana.

Bayan an sami mulkin kai, Baffa ya tsaya neman kujerar wakili a majalisar gunduma. Ƙuri'un garinmu kaɗai ba za su ishe shi ba, sai an haɗa da na gidajen Maguzawa da ke bayan tafki. Babbansu shi ne Sarkin Noma, aminin Kaka tun suna samari. Gonakinsu suna iyaka da juna, suna yi wa juna gayya. Kowa da addininsa, ban taɓa jin sun yi musu a kai ba.

Sarkin Noma da kansa ya ba ni labarin ranar da Kaka ya kai Baffa wurinsu. Matar Sarkin Noma ta kawo musu ruwa a ƙwarya, ruwan tafki, ja kamar kunun kanwa. Baffa ya kai baki ya ajiye. Kaka ya ɗauka ya shanye.

"Mu ba mu san ɗanka ba," in ji Sarkin Noma. "Kai muka sani. Ka ga abin da muke sha. Duk damina kurkunu sai ya kwantar mana da rabin majiya ƙarfi, ciyawa ta cinye gona."

Kaka ya ce, "Na sha ruwanku. In wancan ya hau kujera, rijiya za ta zo ƙofarku. Ni na faɗa."

Suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suka jefa masa ƙuri'a, ya ci.

Rijiyar ta zo. Majalisa ta amince a haƙa wa gidajen Maguzawa, aka turo mahaƙa da siminti. Sai dai motar ba ta wuce ƙofar gidanmu ba. Baffa ya ce an duba, ƙasar can dutse ce, ba za a sami ruwa ba. A haƙa a nan, kowa ya zo ya ɗiba. Da farko a fili take. Matan Sarkin Noma sun zo sau da yawa da tulunansu, duk da nisan, ana sa su jira sai matan gari sun gama. Daga baya Baffa ya faɗaɗa gida, katanga ta zagaye rijiyar. Maƙwabta suna shigowa su ɗiba. Su kuwa ba wanda ya ce kada su shigo, amma ba su ƙara zuwa ba.

Ranar da aka gama katangar, Kaka ya sayo sabon tulu.

*

Da sassafe yake fita, tulu a kafaɗa, sanda a hannu, ya bi ta tsakiyar gari zuwa tafki. Da ruwan yake sha, da shi yake alwala. Tuwon gidan ma ya daina ci, tunda da ruwan rijiya ake tuƙa shi. Ya kafa murhu a bayan ɗakinsa yana dafa wake da rogo, in ya sami Bafulatana ya sayi fura. Dattijo yana hura wuta da kansa alhali gida cike da mata, wannan abin kunya ne ga gidan duka, kuma ya sani.

Wata rana matar Baffa ta ajiye masa akushi a ƙofar ɗaki, ta durƙusa.

"Baba, don Allah. Har tuwon ma haramun ne?"

"Ban ce haramun ba ne, 'yar nan. Ni ba malami ba ne. Ba ya wuce mini maƙogwaro ne kawai."

"Mutane suna cewa mun bar ka da yunwa."

"Ki ce musu ni na bar kaina. Ɗauki ki ba yara, Allah ya yi miki albarka."

Ta ɗauka tana kuka. Washegari ta sake kawowa. Haka ta yi ta yi har ya rasu, wannan kam zan shaide ta.

Daminar da ta biyo baya kurkunu ya fito masa a idon sawu. Na dawo hutu na tarar da shi ya miƙe ƙafa, yana naɗe farin zaren a jikin ɗan tsinke, kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke. Malamarmu ta koya mana a darasin tsabta cewa daga ruwa ake samunsa, in an tace da ƙyalle mai kyau ko an tafasa ba ya kama mutum. Na faɗa masa.

"Wato malamar taku ta ga ƙwan kurkunun da idonta?"

"Ta ce ƙanana ne sosai."

"To kawo kallabin. Amma in ƙishirwa ta kashe ni kafin ya gama tsiyaya, ke za ki yi mini takaba."

"Ni ba na son miji mai kurkunu."

Ya yi dariya har ya manta ya motsa ƙafar, ya ce wash. Da ya warke, ya kai maganar tacewa gidan Sarkin Noma, ya ce amaryarsa ce ta zo da ita daga birni. Wasu matan sun ɗauka, wasu sun ce ba su da ƙyallen ɓatawa.

*

'Ya'yan Sarkin Noma ne suka kai ƙara. 'Yan jam'iyyar adawa suka ɗauki maganar suna yawo da ita kasuwa-kasuwa, har ta kai inda ba a iya binne ta. Aka ce Di'o, babban jami'in mulki, zai zo ya yi bincike, kuma za a kira Kaka, don shi ne ya yi alkawarin.

Ina gida lokacin da manyan jam'iyyar Baffa suka zo zaure wurinsa. Ni aka aika in kai musu ruwa. Na ajiye na koma bayan ƙofa na tsaya.

"Baba, ba ƙarya muke so ka yi ba. Ka ce dai shekaru sun ja, ba ka tuna abin da aka faɗa ba."

"Ai na tuna. Har ɗanɗanon ruwan na tuna."

"In ya faɗi, garin nan ne ya faɗi. Hanyar da za a gyara mana, da rumfunan kasuwa, duk sun tafi. Ɗanka ne fa."

"Na san ɗana ne, ina wurin aka yanka ragonsa. Ku ce wa wancan ya zo mu je bayan tafki, ya durƙusa ya ce ya yi laifi. Ni zan fara durƙusawa. In ya yi haka, ni da kaina zan roƙe su su janye."

Ɗayansu ya yi tsaki. "Wakili guda ya durƙusa wa arna?"

"Ranar ƙuri'a ban ji kun ce arna ba. 'Yan'uwa kuka ce."

Suka tashi, ko ruwan ba su sha ba. Baffa bai je ba.

Ban halarci binciken ba, mata ba sa zuwa irin wurin. Amma kafin azahar duk garin ya ji, kuma bakin kowa abu ɗaya yake faɗi. Di'o ya tambayi Kaka ko an yi alkawarin rijiya, ya ce an yi, da bakinsa. Aka tambaye shi wa ya sa aka sauke siminti a ƙofar gidansu. Ya ce, "Wancan." Aka ce ba a rubuta wancan, sai ya faɗi suna. An ce ya ɗaga kai ya faɗi sunan Baffa, a fili, kowa ya ji.

An sauke Baffa daga kujera, aka ba wani mutumin wani gari. Ba a ɗaure shi ba. Majalisa ta ce tunda rijiya ba ta ɗaukuwa, za a haƙa wa gidajen Maguzawa wata. Har yau da nake wannan rubutu, tafki suke sha.

Da a ce rijiyar ta zo musu, da watakila mutane sun ce Kaka ya yi wani abu. Amma ba ta zo ba, hanyar garinmu ma ba a gyara ba. Sai ya zama kowa yana da abin riƙe shi da shi. A masallaci ana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Dattawan da suke zama a zaurensa bayan la'asar suka koma wata inuwar. Da ya kira gayya a gonar audugarsa, mutanen gari ba wanda ya fito. Sarkin Noma ne ya zo da 'ya'yansa, suka yi noman shiru, ba kiɗa. Can bayan tafkin ma ba kowa ne ya yafe masa ba. Ina tare da shi wata safiya wani saurayi ya ce, "Tsoho, shan taɓonka ba zai haƙa mana rijiya ba." Kaka ya ce, "Gaskiyarka, yaro." Ya ci gaba da cika tulunsa.

A hanyar dawowa na tambaye shi, to me ya sa ba zai daina ba?

"Amarya, ni na ce musu ta zo. Ba ta zo ba. In na koma ina shan mai sanyi a gida, to na ce musu an gama magana ke nan."

Shi da Baffa gida ɗaya suke, ƙofa ɗaya suke fita. Baffa yana durƙusawa ya gaishe shi kowace safiya, Kaka ya amsa, shi ke nan. Baffa ne yake ɗinka mini kayan makaranta, bai taɓa fasawa ba, ko bayan da ya san ni nake raka Kaka tafki. Ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗauka mugu ne. Ban san yadda zan kira abin da ya hana shi tafiyar nan ba.

Hutuna na ƙarshe, Kaka ya rame, tulun ma rabi yake iya cikawa. Ranar da zan koma ya rako ni bakin hanya. Bai tsokane ni ba. Ya ce in riƙa cin abinci, in gaida malamar tsabta.

*

Da rana ta yi sanyi na fita ƙofar gida. Maza suna zaune a zaure da kan tabarmi ana karɓar gaisuwa. Can gefe a gindin tsamiya, Sarkin Noma yana zaune shi kaɗai a kan buzunsa. An ajiye masa kwanon ruwa, ƙudaje suna bin bakinsa, bai taɓa ba. Na je na durƙusa.

"'Yar boko, kin zo? Mijinki ya gudu ya bar ki."

Na yi masa ta'aziyya.

"Da na ji labari na ɗoro ruwa a jaki," in ji shi. "Na ce ko za su yi masa wanka da shi. Kafin in iso sun fito da shi." Ya nuna wani wuri a gindin tsamiyar inda ƙasa ta yi duhu. "Sai na ba itacen nan."

Daga cikin gida na ji an fara surfe. In an gama za a wanke geron a jiƙa. Na tashi na koma ciki, na ɗauki tulun Kaka. Ko ba ruwa yana da nauyi. Na san hanyar, na san yadda zan tace in tafasa. Amma na san in ni ce na ɗebo, za a ce yarinya ce, a yi mini dariyar tausayi, a zuba wa awaki.

Ban ga Baffa a zaure ba. A ɗakin Kaka na same shi, zaune a ƙasa, ba hula. Yana riƙe da wata 'yar ƙaramar fartanya, irin wadda ake yi wa yaro in zai fara bin babansa gona. Na san ta. A saman rufin ɗakin Kaka take soke tun ina ƙarama, yakan sauko da ita ya shafa wa ƙotar mai ya mayar. Ban taɓa tambayarsa ta wa ce ba, sai yau na gane ta Baffa ce.

Na durƙusa a bakin ƙofa. Tunda nake ban taɓa fara yi wa Baffa magana ba, sai dai in amsa.

Bai dube ni ba ya ce, "Kin san tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai ranar nan?" Ya juya fartanyar a hannunsa. "Da ya faɗa, kafin in gane abin da ya yi mini, sai da na ji daɗi. Na kusa amsawa."

A zuciyata na yi wa Kaka addu'a: Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan da babu haƙƙin kowa a cikinsa. A tsakar gida taɓarya ta tsaya. Na ji matar Baffa tana cewa a miƙo guga.

Na tura tulun gabansa, kallabin yana nan a bakinsa.

"Baffa, za a jiƙa geron sadakarsa. In tulun nan ya cika ba na iya ɗauka. Don Allah ka tashi mu je tafki, ka ɗauko masa."